Ƙafar a-kori-kura ba ta karyewa rana ɗaya

In kaka ta matso, cikin 'yan makonni duk wata a-kori-kura da take iya tashi za ta hau hanya, daga gona zuwa gida, daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau, masara ce, gero ne, dawa, shanshera, wake, kuma duk shekara a daidai wannan lokacin ne zaka ringa ganin motoci a gefen titi sun durƙusa, wata tayar gaba ta shige ciki ta kwanta, wata bayanta ya zauna daram a kan taya, an sauke buhuna an jera a bakin hanya yaron mota na zaune a kai yana gadi shi kuma direba ya hau acaɓa ya tafi neman bakanike. Masu wucewa su ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Tsautsayi gaskiya ne, amma ni da nake cikin harkar nan ta ɗaukar kaya tun da jimawa abin da na gani shi ne mafi yawan ƙafar da ta karye a hanya, wato ƙarafa da robobin da ke haɗa tayoyi da jikin mota, sai da ta yi wata da watanni tana ƙara tana ƙwanƙwasa tana cin taya ta gefe ɗaya, mai ita yana ji yana cewa bari a gama wannan sawun tukuna.

Injin mota kowa na kula da shi. Ka tambayi duk direban da ka ga dama yaushe ya yi juyen baƙin mai zai faɗa maka, wani ma har kilomitan ya rubuta ya manna a gilashi, amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motarsa sai ya yi shiru. Alhali in inji ya mutu a hanya gangarawa kawai zakayi gefe ka tsaya, in kuwa ƙafa ce ta cire kana cikin gudu da kaya, ga mutane zaune a saman kayan kamar yadda aka saba ranar kasuwa, toh wannan sai dai addu'a. Kuma abin da ya fi bani takaici kayan da suke fara lalacewa a ƙafa ƙanana ne masu araha, roba ce ta yage, noti ne ya saki, bushi ne, robar nan da ke zama a mahaɗar ƙarafa, ya cinye, sune in aka ƙyale su suke jan manyan masu tsadar su tafi tare.

Lodi dai shine uban duka. Hilux, L200, Navara, D-Max, duk 'yan aji ɗaya ne, wajen tan 1 aka ƙera su su ɗauka, wata ƙasa da haka kaɗan wata sama kaɗan ya danganta da samfurin, kuma cikin wannan lissafin har da kai direba da yaron motarka da duk wanda ya zauna a ciki, har da ƙarfen da aka kai wa mai walda ya ɗaga bodin sama don ya ci kaya, shima nauyi ne da motar ke ɗauke da shi kullum ko babu komai a baya. Buhun masara kilo 100 ne, kaga buhu 10 ya cika tan. Siminti kilo 50, buhu 20 kenan. Tankin ruwa mai lita 1,000 shi kaɗansa tan guda ne tun kafin ka shiga ka zauna. Yanzu kowa ya tuna buhu nawa ake jibga wa motocin nan a kasuwannin ƙauye, ninki biyu abu ne da ido ya saba gani har ba a ɗauke shi komai ba. Na san amsar da za a bani don nima ina sayen mai, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lissafin sawu ya canza gaba ɗaya, ga kamasho ga na kan hanya ga balas ɗin mai mota yana jira da yamma, in ka tsaya kan buhu 10 wani lokacin ko kuɗin man ba zai fita ba. Duk na yarda. Amma kuɗin buhunan da ka ƙara ɗin nan ba duka ne naka ba, akwai rabon gareji a ciki, kuma in hanyar gajeriya ce wallahi sawu biyu ya fi maka sauƙi akan sifirin ɗaya, fallayen ƙarfen nan da bayan motar ke zaune a kai, da zai karye ya kwantar da motar a tsakiyar kaka lokacin da kowa ke neman mota.

Sannan inda aka ɗora kayan ma yana da nasa. Mai nauyin ya kamata ya zauna gaba, jikin kan motar, ko daidai saman aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, amma sai kaga an buɗe ƙofar baya an kwantar da ita an jera buhuna a kai har sun wuce bodin an ɗaure da igiya. Duk abin da ya wuce tayar baya danna bayan yake yana ɗaga gaban, shi yasa zakaji sitiyari ya yi sakayau a hannunka, fitila tana haska sama tana kashe wa masu zuwa ido, in ka taka birki motar ba ta kama ƙasa sosai. Masu dabul-kabin su suka fi shiga wannan matsalar don bodinsu gajere ne, yawancinsa yana bayan aksil, kuma a nan ne chasis yake lanƙwashewa, a tsakanin kai da bodi. In ka tsaya a gefe kaga ratar da ke tsakanin su ta buɗe ta sama ta fi ta ƙasa faɗi toh aikin gama ya gama.

Sai maganar ƙarin falle, wadda nasan da yawa ba za su ji daɗinta ba. Kusan duk wanda ya sayi a-kori-kura don haya abu na farko da yake yi kai ta a ƙara mata sifirin, falle biyu, uku, wani har a sa masa na babbar mota a yanke. Motar ta tashi tsaye, ka loda mata buhu 20 ba ta zauna ba, mai ita yana murna wai yanzu ta zama jaruma. Ɗan uwa sifirin kaɗai ka ƙara. Aksil ɗin shine dai na jiya, boris ɗin taya shine, kusoshin wili sune, chasis shine, birki ma shine. Da can in lodi ya yi yawa motar zata zauna ka gani da idonka ka rage, yanzu ka rufe mata baki, dukan da sifirin ya kamata ya shanye yana wucewa kai tsaye zuwa inda aka rataye shi a jikin chasis, sai wurin ya fara tsagewa. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba, a tsofaffin Hilux da L200 waɗanda basu da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani ɗan bawul a baya an haɗa shi da aksil da wani siririn ƙarfe, aikinsa ya auna yadda bayan motar ya sauka, in ya sauka sosai ya san akwai kaya sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ka ɗaga bayan ka sa shi ya yi tauri, bawul ɗin zai ɗauka motar babu komai ko da ta cika maƙil, sai birkin gaba kaɗai ya ringa shan wahalar tsayar da duk wannan nauyin. In dole sai ka ƙara, falle ɗaya mai kyau daidai faɗin na motar, kuma ka ce wa bakanike ya saita bawul ɗin.

Shi sifirin na baya yadda yake, fallaye ne aka jera, dogon na sama shi ke da ido gaba da baya inda bushi ke zama, idon gaba an kafe shi a chasis, na baya yana rataye a shakul don ya samu ya miƙe ya dawo. A tsakiya akwai santa-bol da ya soke su duka, kansa yana zaune cikin wani ɗan rami a kan aksil, sai yu-bol guda biyu kowane gefe da suka matse komai wuri ɗaya. Mutane suna ɗauka santa-bol ne ke riƙe aksil, a'a, matsin yu-bol ne, santa-bol saiti kawai yake yi. Ranar da notin yu-bol ya saki fallayen zasu fara motsi a junansu, duk birki da duk tashi santa-bol ke sha, har ya guntule, aksil ya goce baya ta gefe ɗaya.

Na taɓa bin bayan wata farar Hilux a hanyar burji ina kallonta tana tafiya a karkace, gabanta na nan bayanta ya fita gefe, har ina iya hango tayar gabanta ta hagu daga inda nake. Da muka tsaya gidan mai ɗaya na je na yi masa sallama nace malam bayan motarka ya goce fa, yace ai tun satin jiya yake jin sai ya riƙe sitiyari a karkace kafin ta tafi daidai, ya ɗauka alaimen ne, wato saitin tayoyi. Muka sunkuya tare. Tayar baya ta dama ta kusa taɓa bodi ta baya, ta hagu kuwa tana tsakiya, ga wata jar ƙura ta tsatsa ta fito daga tsakanin fallayen ta zubo a kan aksil, na sa yatsa biyu a notin yu-bol ya juya ba tare da sifana ba. Yace innalillahi, kuma da mata da yara ya ɗauko daga kasuwa. Wannan jar ƙurar ku riƙe ta, duk inda ka ganta a ƙafar mota, jikin noti ko tsakanin fallaye ko wajen kusoshin wili, ƙarfe ne ke goga ƙarfe a wurin da bai kamata ya motsa ba.

In falle ya karye kuma don Allah a bar kai wa mai walda. Ƙarfen sifirin dafa shi aka yi a masana'anta ya samu wannan taurin mai dawowa, wutar walda tana kashe shi, zai sake karyewa a gefen ɗinkin, sau da yawa ma a mafi munin lokaci. In a daji ne ka yi don ka lallaɓa ka fito babu kaya wannan daban, amma ba a ci gaba da aiki da shi. Haka masu bugun sifirin da guduma su dawo masa da lanƙwasa, yana tashi na ɗan lokaci ya koma ya kwanta, ƙarfen da ya gaji ya gaji. Kuma in zaka canza ka canza gefe biyun, in ba haka ba motar zata jingina gefe ɗaya sabon ya ringa ɗaukar na tsohon. Karyayyen falle ba ƙaramin abu bane ko da ba dogon na sama bane, don yana iya zamewa ya fito. A 2014 kamfanin Toyota da kansa ya yi kiranyen Tacoma kusan 690,000 a Amurka, ƙirar 2005 zuwa 2011, saboda falle na iya karyewa don tsatsa da gajiya ya zame ya je ya soki tankin mai. Irin waɗannan motocin suna shigo mana tokumbo, wasu daga garuruwan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda haka mai sayen Tacoma ko Tundra kada fenti da sanyin AC su ɗauke masa hankali, ya shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa chasis ɗin ya ji.

Gaba kuma, nan ne abin da nafi tsoro yake, wato bol-join, gaɓar da ke haɗa tayar gaba da hannayen da ke riƙe ta. Tsofaffin direbobin da suka yi zamani da Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, da tsohuwar Hilux mai aksil ɗaya a gaba, sun saba da ranar giris, a hau rami a bi kan nono ɗaya bayan ɗaya ana matsa giris har tsohon ya fito. Hilux ɗin da aka fara kawowa daga wajen 2005 zuwa yau gabanta koyil ne da hannaye biyu sama da ƙasa, ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba, amma gaɓoɓinta sun fi yawa kuma da yawansu a rufe suke zuwa babu wurin giris, abin da ke kare su kawai 'yar robar nan da ta rufe su. Bahaushe yace sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar na yagewa, ruwan damina da yashi su shiga, giris ya fita, ƙwallon ƙarfen ya ringa niƙa mazauninsa a hankali har wata rana ya fice, kuma ficewarsa ita ce tayar nan da kuke gani ta kwanta a ƙarƙashin mota.

Wani dattijon bakanike da nake kai wa aiki, in ya karɓi mota kafin ya taɓa sifana sai ya bi robobin nan da babban yatsa yana dannawa. Ina tsaye ya danna ta wata mota da aka kawo, maimakon giris sai ruwan laka ya tsarto, ya shafo ya murza a yatsunsa ya miƙo wa mai motar yace Alhaji taɓa ka ji, yashi ne zalla. Alhajin yace ai bata ƙara sosai, a bari sai bayan sallah. Dattijon yace Alhaji ni dai in ɗana ne ba zan bar shi ya fita da ita daga garejin nan ba. Ya ɗaga ta a jak ya sa liba a ƙarƙashin tayar ya ɗan ɗaga, muna kallo gaɓar tana tsalle a cikin gidanta. Nan take aka aika yaro kasuwa.

Gwajin ba wuya, kowa zai iya. A ɗaga tayar ta bar ƙasa, ka kama sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa toh bol-join ne ko boris. Ka kama hagu da dama ka girgiza, in akwai wasa tairod ne ko rak, ƙarafan da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Wani ya tsaya da tocila yana kallon inda motsin yake fitowa. A hanya kuma alamominsa ƙwas-ƙwas in ka hau gargada a hankali, ƙara in kana juya sitiyari a tsaye, mota tana yawo a titi sai kana ta gyara mata hanya. Kuma in an ɗaura sabo ka duba da idonka an sa fin ɗin da ke hana notin kwancewa, na sha ganin an soka ƙusa ko guntuwar waya, wani ma a bar shi haka nan. Masu tsofaffin motoci masu toshan-ba, sandar ƙarfen da ke aikin sifirin a gaba, su kuma su bar ɗaure shi har ƙarshe don gaban ya tashi, yana sa hannayen su tsaya a miƙe, bol-join da shaf su mutu da wuri.

Bushi ba sai na daɗe a kansa ba, in ya tsattsage ko ya fito gefe ko kaga ƙarfe na taɓa ƙarfe a canza. Abu biyu kawai. Na farko a daina zuba masa baƙin mai don ya daina ƙara, mai yana ruɓar da roba, ƙarar zata ɗauke yau bushin ya narke gobe. Na biyu in an sa sabo kada a ɗaure kusoshin tamau motar na rataye a jak, a sauke ta ta zauna da nauyinta tukuna, in ba haka ba robar zata zauna a murɗe tun ranar farko ta yage cikin 'yan watanni kace jabu aka sayar maka alhali ɗaurin ne. Bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya kuwa, na san yana fitar da mutum kunya a ƙauye inda babu shago, amma in ka dawo gari ka cire shi.

Shok shi ba ya ɗaukar kaya, wannan aikin sifirin ne, shi nasa ya hana motar ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami ya kuma danne tayar ta zauna a ƙasa. Shi yasa mutane ke raina shi, don mota zata iya tafiya ko ya mutu. Tana tafiya amma tayar tana tsalle, birki ya ƙara nisa, a kwana bayan ya ringa neman wuce gaban musamman a burji, sifirin kuma yana lanƙwasa sau uku huɗu a ramin da ya kamata ya yi sau ɗaya, kaga mataccen shok yana rage wa sifirin kwana kenan. In kaga mai ya zubo ya jiƙa jikinsa har ƙura ta manne ya gama. In taya ta cinye tudu da kwari, ka shafa ka ji gurbi-gurbi, shima alama ce. Danna bayan a-kori-kura da hannu don a gwada baya nuna komai don sifirin ya yi tauri da yawa, abin da nake yi shine bayan na yi tafiya mai ɗan nisa a gargada sai in tsaya in kai bayan hannu kusa da kowanne a hankali, da kula don yana iya yin zafi sosai ga kuma salansa a kusa, mai aiki zakaji ya yi ɗumi, wanda ka ji shi sanyi ƙalau alhali ɗan uwansa na da zafi toh ba ya komai. Shima biyu ake canzawa. Ka kalli robar nan da ke tare aksil in mota ta zauna, in wurin da take bugawa ya goge yana sheƙi toh motarka tana kaiwa ƙarshe kullum, in robar ma ta faɗi babu ita ƙarfe ne ke dukan chasis.

Iskar taya ma cikin ƙafa take. Da yawan masu faci a bakin hanya gejinsu ya daɗe da mutuwa, da bugun ƙarfe ake aunawa, a cika ta tayi tauri wai don kaya, sai duk dukan hanya ya wuce kai tsaye cikin bushi da bol-join. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta faɗi iskar da ta dace, da kaya da kuma babu kaya, ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Kuma tayar ƙaramar mota ba ta a-kori-kura bace ko da girman ya zo ɗaya, a nemi mai ɗaukar nauyi. Alaimen kuma sai bayan an gama gyaran ƙafa ake yinsa, in ka yi shi a kan tairod mai wasa kuɗinka ka zubar.

Tuƙi, kowa na ganin ya iya, amma abu ɗaya zan faɗa. In ka hango rami ka taka birki tun daga nesa ka saki kafin tayar ta faɗa. In ka shiga da ƙafarka a kan birki gaban ya riga ya nutse, babu sauran wurin da zai shanye dukan, bol-join da lowa-am, wato hannun ƙasa, ne zasu karɓa. Haka tudun rage gudu da ake yi a garuruwan kan hanya, da kaya a baya lallaɓawa ake yi.

Ƙarshen damina shine lokacin da ya fi dacewa a yi duk wannan. Motar ta sha ruwa ta sha laka, ta ɗauki taki, kuma takin zamani yana cin ƙarfe sosai, haka fitsarin dabbobi ga masu kai awaki da tumaki kasuwa, duk yana tsiyaya ta ƙasan bodi ya sauka daidai kan sifirin da chasis. A kai ta wurin wanki mai rami a wanke ƙarƙashin da ruwa mai ƙarfi, a fitar da lakar da ta cushe cikin chasis da tsakanin fallaye don ita ke riƙe danshi, sai dai kada a saita bakin ruwan kai tsaye kan robobin. In ta bushe sannan ake ganin tsaga, a duba wajen marataya sifirin da inda shok ke ɗaure. Duk inda ke da kan nono a matsa giris har da farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksil ɗin baya. Daga nan kuma duk juyen mai ka ce a bi ƙafar, minti kaɗan ne tunda motar na kan rami dama.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano ko Panteka a Kaduna zaka samu kowane iri, sabo na kamfani, sabo mai araha, da na gwanjo, kuma 'yan kasuwar in ka tambaye su tsakani da Allah zasu faɗa maka wanne ne wanne. Ra'ayina sifirin na gwanjo mai kyau wanda bai yi tsatsa ba bai kwanta ba babu laifi, lowa-am ma haka in za a sa masa sabon bushi. Amma bol-join da tairod ban yarda da na gwanjo ba, baka san nawa ya rage masa ba, kuma mafi arahar cikin sababbin ma ka bar shi, a nan ne ake kashe kuɗin. Yu-bol kuwa in an kwance shi gara a sa sabo, don zaren tsohon ya riga ya miƙe baya sake kamawa kamar da, kuma bayan an ɗaura ka yi sawu ɗaya ko biyu da kaya ka koma a sake bin notin da sifana, fallaye suna zama su bar rata, da yawa a nan ake rasa santa-bol sati biyu bayan an biya kuɗin gyara. Kuma ku ja kunnen yaran mota, kada wanda ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai, a sa mata ƙarfen tsayawa ko katako mai kauri a ƙarƙashin chasis, a kuma tare tayoyin da dutse gaba da baya.